Shekara Uku Yana Cewa Na Gode

Mutanen gidan Hovland su uku ne. Akwai Dwight, wanda saje ne a soja kafin ɓarɓashin bam ya shige masa gefen kai na hagu a Iraƙi. Akwai matarsa Noreen, mai dafa abinci a makarantar firamare. Sai 'yarsu Tessa, shekararta goma sha ɗaya. Ba su rasa ci ba, ba su rasa wurin kwana ba. Abin da suka rasa shi ne maganar Dwight. Yana ji, yana ganewa, amma duk abin da ya yi niyyar faɗa, kalma biyu ce ke fitowa: "Na gode." In ruwa yake so, na gode. In ƙafarsa ke ciwo, na gode.

Ni sunana Gail Lindqvist. Aikina koya wa tsoffin sojoji magana a asibitin da ake farfaɗo da su, can arewacin Minnesota. Sau uku a mako Noreen ke turo Dwight a keken guragu zuwa ɗakina, kuma kullum sai sun wuce ta gaban Vern, wani tsoho mai ƙafa ɗaya da ya yi yaƙin Vietnam, wanda ya mayar da bakin injin kofi ofishinsa.

"A'a, ga Saje Na-gode! Saje, jiya na sace maka kek, me ka ce?"

"Na gode," in ji Dwight, yana nuna masa dunƙulallen hannu.

"Kun ji ko? Mutumin kirki!"

Wata Litinin cikin Janairu na kawo tsohuwar jarida don mu gwada kiran sunayen abubuwa. A shafin gaba akwai hoton bikin Ranar Tsoffin Sojoji da asibitinmu ke yi kowane Nuwamba. Kyaftin Royce Bannister, wanda yanzu motoci yake sayarwa, yana tsaye ya dafa kafaɗar Dwight. Shekara uku ke nan yana zuwa yana ba da labari ɗaya: yadda bam ya tashi da motar su Dwight, yadda ya goya shi cikin ruwan harsashi. Kowace shekara Dwight kan yi kuka ya ce na gode, jama'a su tafa, Tessa ta miƙa wa Kawu Royce katin da ta zana da hannunta.

Na nuna tuta a hoton na ce, "Mene ne wannan?" Dwight bai kalli tutar ba. Ya ɗauki biro da hannun hagu, wanda shi kaɗai ke masa aiki, ya soka a fuskar Kyaftin har sai da ya huda takardar ya karce tebur.

Na ture jaridar gefe, na ajiye masa katuna biyu, ɗaya "E" ɗaya "A'a". Mako uku muka yi muna tono da tambaya da zane. Mota biyu ya zana, ɗaya a kife, ɗaya da kibiya tana komawa baya. Bannister yana cikin wadda ta juya? E. Ya goya ka? A'a, ya buga katin sau uku. Ku nawa kuka rage da rai a motar da ta kife? Yatsu biyu. Na biyun Marcus Teague ne, direbansa, ɗan shekara ashirin da biyu. Dwight ya zana agogo ya nuna mini minti arba'in kafin wani ayari ya iso. Cikin wannan jiran jini ya ƙare wa Teague, kansa a cinyar Dwight.

Na ce, "Saje, akwai hukuma. Zan taimaka maka mu rubuta musu."

A'a.

"To me kake so?"

Ya nuna bakinsa. Ya nuna makirfon da ke cikin hoton. Ya nuna fuskar da ya huda.

A aikinmu akwai wata dabara. Mutumin da magana ta ɓace masa sau da yawa waƙa ba ta ɓace ba. Sai a riƙe hannunsa na hagu a riƙa buga tebur da shi, kowace gaɓa bugu ɗaya, ana rera kalmomin a hankali har su kama hanya. Da sojoji abin ya fi sauƙi, don waƙar fareti tana jikinsu. Ranar farko da na buga masa hagu, dama, hagu, Dwight ya rera baiti guda cur bai yi tuntuɓe ba, har shi kansa ya firgita.

Doka ɗaya nake bi: mai bakin shi ke zaɓar abin da za a koya. Na jera masa katuna, ruwa, ciwo, gida, Noreen, Tessa. Ya share su da bayan hannu, ya jawo zanen motar da ta juya. Haka muka tsayar da jimla uku. Ka gudu. Ka bar mu. Teague ya mutu.

"Ka" ta zo cikin mako biyu. "Gudu" ta ci mana wata uku. Yakan yi zufa har rigarsa ta jiƙe, ya buga, ya rera, sai "na gode" ta kutso ta ɓata komai. Wata rana ya yi jifa da kofi ya fasa mini madubin da muke duba motsin leɓe. Na share, na kawo wani. Ba zan ɓoye ba, nima na fara ƙirga makonni. Da na wuce allon tallar Bannister a bakin titi sai in ji yatsuna suna buga sitiyari.

Cikin Yuli Noreen ta tare ni a wajen ajiye motoci.

"Malama Gail, wata shida ke nan. Har yanzu bai kira sunan 'yarsa ba. Me kuke yi a ɗakin nan?"

Na mayar da ita ciki, na tambayi Dwight ko in faɗa mata. Ya daɗe kafin ya taɓa "E". Da ta gama ji sai ta zauna a kujerar yara da ke kusurwa.

"Mutumin nan a teburina ya ci talotalo bara. Ni na zuba masa ƙari." Ta juya wajen mijinta. "Amma Dwight, Tessa fa? Hoton Kyaftin ɗin na manne a jikin firij. Ka bari in gaya mata tukuna."

Ya buga "A'a" da ƙarfi, ya nuna bakinsa.

"Kai da taurin kai! Ko bam bai rage maka shi ba."

Bakinsa ya karkace gefe ɗaya, irin dariyar da ta rage masa.

Ranar sha ɗaya ga Nuwamba aka tashi da dusar ƙanƙara. An cika zauren cin abinci da kujeru, ga kofi, ga kek ɗin kabewa a kan tebur. Tessa na zaune a layin gaba da rigar coci, katinta a cinya. Ni na tsaya jikin bango inda Dwight zai iya ganina.

Bannister ya ba da labarinsa. A labarin bana har nauyin Dwight ya ƙaru, Kyaftin ya ce tun goyon nan gwiwarsa ba ta sake zama daidai ba. Sannan ya sunkuya kamar yadda ya saba, ya kai makirfo bakin Dwight.

"Ɗan'uwana, kana da abin cewa ga jama'a?"

Dwight ya buɗe baki.

"Na gode."

Zaure ya ɗauki tafi. Bannister ya fara miƙewa, sai Dwight ya cafke masa wuyan hannu da hagunsa ya mayar da makirfon. Amma yanzu hannun bugun nasa ya kamu, babu abin da zai buga da shi. Na ɗaga tafina na fara dukan bango a hankali. Hagu, dama, hagu. Daga baya na ji Vern ya kama da sandarsa a kan siminti.

"Ku yi shiru mana," in ji Vern. "Saje bai gama ba."

Muryar ta fito a shaƙe, rabi waƙa rabi magana.

"Ka. Gu. Du."

Bannister ya yi wa jama'a murmushi. "Ciwon ne, ku yi masa uzuri, wani lokaci bai san..."

"Ka bar mu."

Na taka zuwa gaba. Ban ɗaga murya ba, ban saba ba. Na ce, "Ni ke koya masa magana. Na gwada fahimtarsa fiye da sau ɗari. Ya san abin da yake faɗa, kuma wata goma ya yi yana koyonsa."

Dwight bai saki hannun ba. Ya ja numfashi, ya kalli Bannister cikin ido.

"Teague ya mutu."

Bannister ya ce, "An ba ni umarni, ba ku san yadda wurin yake ba," sai ya ji da kunnensa abin da ya faɗa, ya haɗiye sauran maganar. Dwight ya sake shi. Bannister ya ajiye makirfon a kan tebur kusa da kek, ya nufi ƙofa, ko kwat ɗinsa bai ɗauka ba.

"Kyaftin," Vern ya kira shi, "a hankali da gwiwar nan!"

Tessa ba ta tashi ba. Ta kalli katin, inda ta zana mutum goye da mutum, ta ninke shi biyu, ta sake ninkewa, ta tura ƙarƙashin kujera. Sannan ta je ta tsaya gefen keken babanta. Hawaye na zubo masa kamar kowace shekara, ta zura masa ido ta daɗe tana kallo.

"Baba, bara ma abin da kake son faɗa ke nan?"

Ba katuna a wurin. Ya kama hannunta ya matse sau ɗaya, a madadin "E".

"Da waccan shekarar?"

Ya sake matsewa.

Ranar Laraba da suka zo, ita ta turo keken. Ta ciro katin da ke ɗauke da sunanta daga cikin tarin da ya share tun Janairu, ta ajiye a gabansa, ta riƙe hannunsa na hagu yadda na nuna mata. Ta riga ta gane cewa duk shekarun nan babanta yana jin komai, kuma kukan da yake yi a gaban Kawu Royce ba na godiya ba ne.