Tarkon Shamuwa

Ranar da aka kama shahon, Rafi'u ko ruwa bai iya haɗiya ba. Ya isa bayan rumbun shinkafar da ke kusa da tashar jiragen ruwa da madubin hangen nesa rataye a wuya, yana zumuɗin ganin tsuntsun da ya saba sauka a kan wani tsohon ƙarfen ɗaga kaya. Abin da ya tarar gashin tattabara ne a warwatse, da guntayen zaren roba masu zarge, irin wanda mafarauta ke ɗaura wa tattabara a baya su sake ta, shaho ya kawo sura ƙafarsa ta sarƙe. Ga kuma sawun tayar mota sabo fil. A garin nan shaho haja ce mai tsada, wanda aka kama kuwa ya yi sallama da sararin sama.

Su huɗu ne kacal suka san da wurin, abin da ya hana shi sukuni ke nan. Akwai shi Rafi'u, injiniyan lantarki daga Gusau da kwantiragi ya kawo Jidda. Akwai Dakta Latifatu, likitar haƙori 'yar Zariya, da Zaharadden mai koyar da lissafi. Na huɗunsu Mus'ab ne, haifaffen unguwar Mahjar a nan Jidda, jikan Hausawan Sudan, mai aikin fitar da kaya a tasha. Kallon tsuntsaye ne ya haɗa su, duk Juma'a da sassafe, kafin rana ta fara hukunci.

Suna da wata al'ada da Latifatu ta kawo. Ita mayyar wasan cike gurbin kalmomi ce na jaridun Turanci, irin mai murɗaɗɗen bayani da sai ka yi gumi kafin ka gano kalma ɗaya. Ta ce tunda waya ba ta da amana, duk wanda ya ga baƙon tsuntsu kada ya faɗi sunansa ko inda yake a fili. Ya ƙulla kacici-kacici da Hausa mai zurfi, rabi ya nuna tsuntsun, rabi ya nuna wurin. Ko saƙon ya faɗa hannun wani, sai dai ya yi ta kallonsa. Na shahon, Rafi'u ne ya ƙulla shi da kansa, har yana alfahari da shi: "Baƙo ba ya sallama, tattabara ta san sunansa. Ya sauka inda ƙarfe ke ɗaga ƙarfe, bayan gidan da tuwo ke kwana tun bai zama tuwo ba."

To, wa ya kwance wa mafarauta wannan ƙulli? Rafi'u ya juya maganar ya sake juyawa, kullum a kan Mus'ab take tsayawa. Mutumin da in ya fara zance da Hausa kafin ya kai ƙarshe ya zame Larabci. Mutumin da a farkon haɗuwarsu ya tambaya ko hasbiya sunan mace ne. Da can shi ne na ƙarshe wajen ba da amsa, sau tari ma sai an tausaya an faɗa masa. Amma 'yan watannin nan, oho, kafin Zaharadden ya gama sosa ƙeya Mus'ab ya turo amsa daidai, ba ko tuntuɓe. Kuma shi ne ya roƙa a daina rubutawa, a riƙa turo kacici-kacicin da murya. Don me? Don ya kunna wa wani, mana. Ga shi a unguwarsu kowane soro da ɗakin tattabaru, kowa da ɗan'uwa a kasuwar tsuntsaye. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Abin ya ci masa rai, don yana son Mus'ab. Lokacin da iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, ta maƙale, kafilin da ya ɗauko shi aiki yana ta yi masa gobe-jibi, Mus'ab ne ya ajiye aikinsa ya bi shi ofis-ofis yana masa tafinta. Wannan tunanin maimakon ya sanyaya shi sai ya ƙara tunzura shi. Ashe duk kirkin nan share fage ne?

Ya kira Latifatu ya zazzage mata abin da ke cikinsa.

"Injiniya, ka bi a hankali," in ji ta. "Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Wurin nan direbobi nawa ke wucewa ta gabansa? Shaho ba allura ba ne, kowa na iya ɗaga kai ya gan shi."

"Dakta, direba bai san lokacin da yake sauka ba. Mu muka sani."

"To ka tambaye shi baki da baki."

"Ɓarawo ya taɓa cewa shi ne?"

Ta ce ita dai babu ruwanta, kuma kada ya kuskura ya saka sunanta. Ya ce ya ji. Bai ji komai ba, don tun tana magana ya riga ya gama shirya abin da zai yi.

Dabarar mai sauƙi ce. Zai ƙirƙiri tsuntsun da babu shi, ya ajiye shi a wurin da babu kowa, ya tura wa Mus'ab shi kaɗai. In masu raga suka bayyana, magana ta ƙare. Ya daɗe yana zaɓen tsuntsu. Shaho kuma zai yi kama da tarko. Sai shamuwa ta faɗo masa, ga girma ga kyau, ga shi ba a saba ganinta a Jidda ba, irin abin da masu gidajen hutu ke rububin saya su saka a lambu. Ya gyara murya ya ɗauka:

"Mai baƙar riga da farar taguwa, ba ta zuwa sai da hadari a bayanta. Tana gini a tsakar gari, ba mai jifanta. Ta sauka inda ruwan gari ke gaisawa da gishiri, kudu da inda jirage ke hutawa."

Ya ƙara da cewa saboda abin da ya faru da shaho, yanzu kowa daban yake tura wa, kada a yi maganar a zauren hirarsu na waya na su huɗu. Ya danna turawa, yana ce wa kansa rigakafi ya fi magani.

Ba a jima ba amsa ta iso. "Shamuwa! Wallah da gaske, ya Injiniya? Juma'a ina can, in sha Allah." Rafi'u ya kalli wayar ya yi ƙwafa. Mutumin da bai taɓa ganin damina ba, ina ya san mai zuwa da hadari a bayanta?

Ranar Juma'a yana sallame Asuba ya kama hanyar kudu. Wurin fadama ce mai wari inda magudanar gari ke zubewa a teku, ga ciyayi dogaye, ga taɓo, ga belbelu da zalɓe suna kiwo abinsu. Ya ɓoye motarsa bayan wani tulin ƙasa, ya hau sama ya kwanta rub da ciki da madubinsa. Yau ba tsuntsu ya zo kallo ba.

Wata farar a-kori-kura ta taho tana tangaɗi. Ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Masunta ne, suka wuce da ƙugiyoyinsu ko waiwaye babu. Sauro ya samu nama, ya yi ta bushasha a wuyansa da idon sawunsa. Gari ya fara haske sosai, zufa ta fara tsattsafo masa, sannan ya hango motar Mus'ab, toka-toka mai lotsattsen gefe.

Motar ta tsaya a bakin fadama. Akwai mutum a kujerar gaba. Mus'ab ya fito ya zagaya ya buɗe but, ya sunkuya yana jawo wani abu mai ƙarafa a naɗe. Rafi'u ya ce a ransa, ga ragar nan, yau dubu ta cika. Ya miƙe ya gangaro daga tulin ƙasar da sauri, yana son ya kama shi da abin a hannu.

Kafin ya ƙarasa Mus'ab ya warware abin ya dire shi a ƙasa. Keken guragu ne. Ya buɗe ƙofar gaba, ya tallabo wata tsohuwa 'yar firit cikin farin mayafi irin na matan Sudan, ya zaunar da ita a hankali, ya gyara mata ƙafafu.

"Ya salam, Injiniya, ka riga mu!" Mus'ab ya washe baki. "Ina motarka? Zo, zo ka gaida Habboba, kakata ce, Hajiya Maijidda."

Ƙafafun Rafi'u suka kai shi gabanta ba da saninsa ba. Ya durƙusa. "Ina kwana, Hajiya."

"Lafiya lau, ɗan nan. Kai ne Rafi'un? Muryarka na sani, ban san fuskarka ba." Hausarta tsab, irin ta mutanen da, ba gauraye. "Kai ne mai wahalar min da jika. Sai ya zo ya tsuguna ya kunna min waya, ya ce Habboba fassara. Ni kuwa abin nema ya samu, zaman ɗaki ya ishe ni. Na tuwon nan da bai zama tuwo ba, ka sa ni dariya har da tari."

Mus'ab ya sosa kai. "Asirina ya tonu, halas. Hausarku ta yi min nauyi, ya akhi, kuma na gaji da zama na ƙarshe."

"Amma na wannan karon," tsohuwar ta ci gaba, "ko numfashi ban ja ba na ce shamuwa. A Mai Wurno, can Sudan, bakin kogi, kan bishiyar ƙofar gidanmu suke sheƙa. In suka iso babana ya fara gyaran fartanya. Rabona da ita tun ina goyon uban wannan, da muka hau jirgin ruwa muka sauka a tashar can. Na ce masa ko a kafaɗa ne sai ka kai ni. Likita ya hana ni fita, na ce likita bai san shamuwa ba."

Yanzu Rafi'u ya gane inda amsoshin suke fitowa. Amma zargi mugun baƙo ne, ba ya tashi da sallama ɗaya. Ya ji bakinsa yana tambaya, "Hajiya, in ya kunna miki, akwai wanda ke wurin? Maƙwabta, ko masu kiwon tattabaru?"

"Daga ni sai shi sai bango. Wa zai zauna sauraron tsohuwa?"

Mus'ab yana kafa ƙafafun babban madubin hangen nesa da ya zo da shi, sai hannunsa ya tsaya. Ya dubi Rafi'u, ya dubi ƙasar da ta ɓata masa gaban riga tun daga ƙirji har gwiwa, ya dubi tulin da ya gangaro daga kai. Ya ciro waya ya matsa gefe, Rafi'u yana jin sa.

"Ustaz Zaharadden, kuna ina? Rana tana yi... Wurin shamuwa mana... Bai turo maka ba? Dakta fa?... Tayyib. A'a, ba komai, koma barcinka."

Ya mayar da wayar aljihu, ya yafito Rafi'u da yatsa, suka ɗan nisanta daga keken. Muryarsa ƙasa-ƙasa, kuma yau Hausar ba ta zame masa ba ko sau ɗaya.

"Ni kaɗai ka tura wa."

"Mus'ab, ka saurare ni, abin shahon nan ne ya..."

"Akwai shamuwa ko babu?"

Rafi'u ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, irin wadda mutum ke roƙon ƙasa ta tsage.

"Jiya ba ta yi barci ba," in ji Mus'ab. "Ta sa an wanke mata mayafin nan an goge. Da ka tambaye ni, da na rantse maka, in ba ka yarda ba mu rabu lafiya. Ita me ta yi maka?"

"Ku zo mana," tsohuwar ta kira su. "Me kuke ƙus-ƙus? Ku saita min abin nan, idona ba ya kai nesa."

Mus'ab ya koma ya tsuguna a gabanta, ya riƙe hannunta. "Ta tashi, Habboba. Mun makara."

Ta kalli fadamar, inda ba komai sai belbelu. "Allah sarki," ta ce a hankali. "Ai ba ta zama inda babu ruwan sama. Ban yi rabo ba." Sai ta juyo wajen Rafi'u, fuskarta ta ɗan saki. "To kai da ka gan ta, zo ka ba ni labari. Ita kaɗai ce ko da mijinta? Jan nan na gwiwarta yana nan?"

Rafi'u ya dubi Mus'ab yana neman ceto. Mus'ab ya zuba masa ido kawai, yana jira. Sai ya durƙusa a cikin taɓo kusa da keken, ya ce ita kaɗai ce. Ya ce jan gwiwar yana nan, da shuɗin fuskar, da farin cikin nan tas kamar an wanke. Ya ce ta tsaya da ƙafa ɗaya tana fuskantar yamma. Kowace kalma sai da ta ƙone shi kafin ta fita, tsohuwar kuwa tana gyaɗa kai, idonta a lumshe, tana cewa haka ne, haka take.

Mus'ab ya mayar da ita mota, ya naɗe keken, ya harhaɗa madubinsa. Rafi'u ya miƙa hannu zai taya shi rufe but, ya riga shi rufewa. Ya shiga ya tada mota.

Tsohuwar ta leƙo ta taga. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan, ka faranta min. In ta dawo ka aiko mana da wuri, ka ji?"

Mus'ab ya ɗaga gilashin, ya juya kan motar, suka bar shi tsaye a bakin fadama.