Barewar Sharhabilu

Tun da 'yan bindiga suka mamaye dajin Rugu, farauta ta koma sai a gefe-gefe, amma yayana Usaini ya rantse sai ɗansa Sharhabilu ya yanka barewarsa ta farko kafin damina. A gidanmu yaro ba ya shiga sahun maza sai ya kayar da naman daji ya yanka da hannunsa. Shi kuwa Sharhabilu, da shekara sha biyar, ko kaza ake yankawa sai ya kau da kai, har samarin garinmu Zakka suna masa dariya. Abin yana cinsa ƙwarai.

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci muka hau babura: ni, Usaini da ɗansa, sai amininsa Armaya'u da nasa ɗan, Sagiru. Yaran nan ajinsu ɗaya a makaranta, ba ka ganin ɗaya sai da ɗaya. Muka yada zango da karnukanmu a gindin wata tsamiya, muka jiƙa gari da ƙuli, iyayen suna ta cika baki wai a zamaninsu da hannu suke kama gada. Ni dai na san su, ko zomo sai ya ba su kashi.

Asabar da hantsi karnuka suka taso barewa daga cikin sabara. Ta nufo Sharhabilu, ya wurga gora, Allah ya ba shi sa'a ya karya mata ƙafar gaba. Karnuka suka danne ta. Wallahi daɗi ya kama ni har na yi kabbara. Sharhabilu ya durƙusa a kanta ya zaro wuƙa.

To, farauta tana da wata muguwar al'ada, ƙwace. Naman da ya faɗi ba naka ba ne sai ka iya hana a karɓe shi da ƙarfi. Baƙi ake yi wa wannan, ba wanda kuka kwana kan tabarma ɗaya ba. Amma Armaya'u ya kasa haɗiye cewa ɗan Usaini ya riga nasa.

"Sagiru, kama ƙafarta! Mi kake kallo?"

"Baba, ai tashi ce."

"Kama na ce, ragon banza!"

Sagiru ya kama ƙafar baya ya ja, idonsa a ƙasa. Usaini ya hankaɗe shi ya faɗi cikin ƙaya. Kafin in ce wani abu, Armaya'u ya sauke wa Usaini gora a tsakar ka. Jini ya wanke masa fuska, ya zube. Na shiga tsakani, ni ma na sha tawa a haƙarƙari, na koma gefe ina neman numfashi. Armaya'u ya sake ɗaga gorar da hannu biyu a kan mutumin da ke kwance.

Sai Sharhabilu ya saki wuyan barewar, ya taso da wuƙar nan ya tsarge damtsen Armaya'u har ƙashi. Gorar ta faɗi. Ƙaton ya durƙushe yana salati, jini na tsartuwa a kan ciyawa. Sagiru ya yage rigarsa ya ɗaure hannun, ya ɗora ubansa a babur suka nufi asibitin Safana. Ko waiwayowa bai yi ba.

Da muka juya, barewar ta riga ta cika a bakin karnuka. An same ta da rai ba a yanka ba, ta zama mushe.

Usaini ya tashi zaune, jini na ɗiga daga gemunsa, kuma wai murmushi yake yi. Ban taɓa jin haushin ɗan'uwana kamar a lokacin ba.

"Bar ma karnuka mushensu," ya ce. "Wanda ya kada ƙato, wa zai tambaye shi barewa? Yau ɗana ya shiga sahun maza."

Sharhabilu yana tsaye, wuƙar na hannunsa, yana kallon hanyar da babur ɗin ya bi.

"Baba," ya ce, "ran Litinin benci ɗaya muke zama da Sagiru."