Ɗayan da Kwamfuta Ta Rasa

A shekarar 1989 aka kawo kwamfuta guda tak ofishin ƙididdiga inda Lailatu take aikin tafireta a Minna. Aka lulluɓe ta da zane kamar amarya, kowa na tsoron taɓa ta. Lailatu ce kaɗai ta yi kwas na wata shida ta koyo Fortran, yaren da ake rubuta wa injin umarni da shi, don haka shugaban ofishin, Oga Ndaman, ya ba ta gwaji: fom ɗari huɗu na gidajen unguwar Limawa. Kowane fom na ɗauke da yawan 'ya'yan da uwa ta faɗa da bakinta da sunayensu, da kuma katunan rigakafin da ta nuna.

Ta rubuta layi ɗari biyu, ta umarci injin ya ware duk fom ɗin da lissafinsa bai daidaita ba. Firinta ta yi ta ƙara har ta tofo fom ɗari da goma sha bakwai. Kowanne kuwa kati ya fi baki da ɗaya. Kullum ɗaya.

Oga Ndaman, wanda dama ya fi yarda da tsohuwar kalkuletarsa, ya ce ba dai mata ɗari su haɗa baki su yi kuskure iri ɗaya ba, laifin yana cikin rubutunta. In Litinin ta yi ba ta gyara ba, ta koma kan tafiretarta.

Kwana uku tana bin layukan da fensir, ko waƙafi bai kuɓuce mata ba, amma ba ta ga kuskure ba. Ta ji tsoro sosai, don ta ɗanɗana aikin nan kuma ta ƙaunace shi.

Ranar Asabar ta je gidansu. Tana zaune tana tsince wake, Inna tana hira da wata baƙuwa, Bintu mai atamfa a babbar kasuwa. Bintu ta tambayi Inna 'ya'yanta nawa.

"Huɗu Allah Ya ba ni," in ji Inna.

Su biyar ne. Ga ta biyar ɗin nan da tiren wake a cinya, 'yar fari, wadda tun haihuwa Inna ba ta taɓa kama sunanta ba saboda alkunya, balle ta sa ta a lissafi. Lailatu ta fashe da dariya har wake ya watse. Kura a gida, ita tana can tana nema a daji.

Litinin da sassafe ta zaro fom ɗin da injin ya ware. Kusan duk katin da ya yi rara, na babban yaron gidan ne. Ta ƙara layi uku: in bambancin ɗaya ne, kuma na ɗan fari ne, a bi kati. Firinta ta tofo fom biyu kacal. Oga Ndaman ya juya takardar, ya sake juyawa, sannan ya miƙa mata makullin ɗakin kwamfutar.

Da yamma ta tarar labari ya riga ta gida. Inna na tsakar gida da maƙwabta, ko kallonta ba ta yi ba, amma bakinta ya ƙi rufuwa.

"Waccan ce," in ji Inna, tana nuni da haɓa. "Waccan ce ta koya wa injin gwamnati ƙirga."