Darbejiya a Gindin Soron Malam Nata'ala

Malam Nata'ala magini ne, shekararsa saba'in da takwas. Soron ƙofar gidansu da ke unguwar Soron Ɗinki mahaifinsa ne ya gina shi da tubali da azara, shi yana miƙa masa ƙasa. A duk layin wannan soro kaɗai ya rage na ƙasa. Sauran an zubar an yi na bulo.

Bara aka gyara titin, aka yi kwata ta siminti. Tsakanin kwatar da bangon gidaje aka bar 'yar ƙasa, faɗinta bai wuce kamu biyu ba. Da damina ta faɗi, ƙungiyar matasan unguwa ta ce a nan za ta dasa itatuwa.

Ranar Asabar Malam Nata'ala ya dawo daga sallar La'asar ya tarar da rami a gindin soronsa. Muhammad Auwal, ɗan ƙanensa, shugaban ƙungiyar, yana tsugune yana yage ledar dashe. Abokansa biyu suna ɗaukarsa hoto da waya.

"Auwalu. Mene ne wannan?"

"Darbejiya ce, Baffa. Shekara uku ta yi inuwa."

"Na san darbejiya tun ba a haifi ubanka ba. Me take yi a jikin bangona?"

"Kowane gida guda ɗaya ne. Mun yi taro, mai unguwa ma ya amince."

"A taron naku an kira magini?"

Hajiya Husaina ta gidan da ke kallonsu ta leƙo daga ƙofa. "Haba Malam! Zafin da aka yi bana, kaji ma haki suke. Ka bar yara su yi abin alheri mana."

"Hajiya, rufin gidanki kwano ne. Wannan magana ba taki ba ce."

Ya ɗaga sandarsa ya nuna indararon da ke fitar da ruwa daga saman soron. Ya yi bayani a gajarce, don ba ya son maimaita magana. Darbejiya tana zubar da ganye da rani. Ganyen ya taru a kan rufi, ya toshe indararo. Ruwan farko ya zo ya rasa hanya, ya kwanta, ƙasa ta sha, azara ta ruɓe. Ta ƙasa kuma saiwa ta bi danshi ta shige gindin tubali. Ya ga soron wani Isyaku a Gwammaja ya rufta haka, da rana tsaka.

Muhammad Auwal ya kalli abokansa, ya yi 'yar dariya.

"Baffa, tsakani da Allah, soron nan ko ba bishiya kwana nawa ya rage masa? Wata rana dole a zubar a yi na bulo kamar na kowa."

A cikin soron nan aka raɗa wa yaron nan suna. A cikinsa aka yi wa ubansa wanka aka fito da shi. Malam Nata'ala ya juya. Ya shiga gida ya jawo tsani a ƙasa, yana ja yana tsayawa. Wani daga cikin samarin ya zo zai kama masa, ya harare shi ya koma. Ya jingina tsanin da bango.

"Hau."

"Baffa, mutane na kallo."

"Su kalla. Ka hau ka sa hannu a bakin indararo, ka kawo min abin da ka samu."

Shi kansa rabonsa da hawa shekara biyu, tun da gwiwa ta hana shi. Daga ƙasa yake zura gora yana tsokanowa.

Muhammad Auwal ya hau. Ya daɗe. Da ya sauko hannunsa cike yake da baƙin ganye jiƙaƙƙe, mai wari.

"Wannan na bishiyar masallaci ne," in ji tsohon. "Gida huɗu tsakani. Kai kuma ka kawo min ita har jikin bango."

"Baffa, ba shi ke nan ba." Dariyar ta tafi daga fuskarsa. "Kusurwar gabas, da na taka, ƙafata ta nutse."

Wannan Malam Nata'ala bai sani ba. Ya ɗaga kai ya dubi kusurwar, Hajiya Husaina kuma ta koma gida.

"Har ina ta nutse?"

"Idon sawu."

"Azara ta yi ƙara?"

"Ban ji ba."

"To da saura." Ya juya ga samarin biyu. "Ku, ku ajiye wayoyin nan. Gobe bayan sallar Asuba a kawo jar ƙasa da ciyawa. Ku za ku kwaɓa. Auwalu zai hau. Ni zan faɗa daga nan."

"Ramin fa, Baffa?"

"Ku nemo lalle. Ana aske shi, ba ya leƙa rufi."

"Lalle ai ba ya inuwa."

"Na ce maka inuwa nake nema?"

Muhammad Auwal ya goge hannunsa a wando. "Maganar da na yi ɗazu, Baffa, ka yi haƙuri."

"Na ji ta. Kowa ma ya ji."

Tsohon ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki darbejiyar ta wuya kamar kaza, ya ajiye ta ƙetaren kwata, a kan titi.