Malachy Ya Kewaya Rijiya ta Hagu

Sandar farko a kafaɗa ta sami Malachy, ta biyu a ƙeya. Con Lehane yana gindin bishiyar ƙaya yana ɗaura tsumma a reshe, yadda masu roƙon waliyyai ke yi, sai ya ji ihun mata. Ko da ya juyo, ga maƙwabcinsa, tsoho Malachy, a ƙasa, samarin gidan Twomey uku a kansa.

Ranar Waliyya Gobnait ce, kowa ya hau tudu zuwa rijiyarta. Ko yaro ya san ƙa'ida: ana kewaya rijiyar ba takalmi, hannun dama a jikin katanga, yadda rana take tafiya. Wanda ya bi ta hagu, tsinuwa ya zo ja wa wani. Shi kuwa Malachy tun kaka ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Ya yi wa waliyyar alkawari, in ta tashe shi daga gado zai kewaya rijiyarta da ƙafarsa. Hannun hagu kaɗai ya rage masa na dafa katanga. Da shi ya dafa, tafiya ta juya.

Su Twomey kuwa sun daɗe suna rigimar iyakar gona da shi, ga saniyarsu ta yi ɓari a makon nan.

"Saniya ba ta ishe ka ba, tsohon banza?" in ji Florry, babbansu, yana zuba masa ƙafa a haƙarƙari. "Yanzu kuma wa ka zo ci? Uwarmu?"

Malachy ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai gurnani da jini.

"Kun ji ko? Har yanzu tsinuwar yake karantawa!"

Con ya kutsa da kulkinsa. Ya fasa wa ɗaya hanci, ya ji wani ya sauke masa dutse a kunne.

"Ku dubi hannunsa, jakuna! Da wanne zai dafa? Da na uwarku?"

Ba wanda ya duba. Dangi suka shigo ta ko'ina, teburin mai gurasa ya kife, wata tsohuwa ta cusa dutse a safa tana maƙa wa duk wanda ta samu. Sai da Fada, limamin coci, ya iso a kan doki yana tsula bulala aka watse.

Fada ya durƙusa, ya shafa wa Malachy man addu'ar ƙarshe a goshi. "Ku kai shi gida, Con. Ba zai kai yamma ba."

Amma yatsun tsohon suna ta yaƙushin ƙasa, suna neman katanga.

"Bai gama ba, Fada," in ji Con.

"Allah ya ga niyyarsa, ɗana."

"Allah ya gani. Amma ita waliyyar ya yi wa alkawari."

Con ya tuɓe takalmansa, ya goya tsohon, ya juya shi ta dama. Florry yana tsaye a hanya, sanda a hannu.

"Matsa, ko a haɗa da kai."

Florry ya dubi hannun nan da ke lilo, ya matsa.

Kafin su dawo inda suka fara, Con ya daina jin numfashi a wuyansa. Bai tsaya ba. Shanyayyen hannun yana jan jiki a kan jiƙaƙƙun duwatsu, takalman Malachy suna ajiye a bakin shinge, safa a cikinsu.