Baban da Nake Kwaikwaya

"Wata huɗu mutum yana zuwa muna ba shi maganin ƙarin jini, shi ne za ki buga a mujalla?"

"Shi ne ma abin bugawa, ranka ya daɗe. Don kada wasu su maimaita."

Sun fara. Babban Likita da Uwar Bincike, a taron safe, a kan majinyacin gado na tara. Ni ina can baya inda ɗalibai ke zama, ina rubutu kamar mutuniyar kirki, alhali haddace su nake. Shi sai ya taɓa tabarau kafin ya ce a'a. Ita kuwa "to" ɗinta dogo ne, tooo, kamar ana jan ƙofa mai tsatsa. Bari in koma ɗaki, yau sai ƙawayena sun riƙe ciki.

Uwar Bincike tana karanto tarihinsa. Direba ne, shekara hamsin da takwas. Cutar gajiyar tsoka. Da safe garau, yamma na yi fatar ido ta sauko. In ya daɗe yana magana murya ta koma hanci. In yana tauna sai ya tallafe haɓa da hannu...

Tallafe haɓa.

Ai na iya wannan. A ina na...

Tsakar gidanmu, ran Asabar. Na rataya tef ɗin awo a wuya, tabaran Baba a karan hanci. "Ku zo ku ga tela!" Na ɗage kai baya ina leƙen allura ta ƙasan ido, na soka zare gefe, na sake sokawa. Na ɗauko faɗan nan nasa na fitilar da aka bari a kunne, da ƙarfi, sannan na dinga sakin sa ta hanci har ya narke. Umma har da hawaye. Yaya ta ce, "Allah ya shirye ki, sak!" Shi ma ya yi dariya — wata dariya da ba ta kai gefen baki ba, kamar yaƙe. Ita ma na ɗauke ta. Na ƙara a wasan.

Bara babu hancin nan. Na tabbata. Baban da nake yi bara tsawa ce daga farko har ƙarshe. Yaushe na sa hancin? Wata biyar? Ni ba na ƙirƙira, ban taɓa ba, abin da na gani nake yi. Kunnena ya ji, wuyana ya koya, kan nan da ya shekara biyar yana karatun likita bai ji komai ba.

Tsufa ne. Shi da bakinsa ya ce tsufa ne. Wane tela ne idonsa ba ya gajiya? Kuma mu ɗalibai an san halinmu, duk cutar da aka karanta mana sai mun tsince ta a gida. Wancan watan ni kaina na yi ciwon ƙoda na kwana biyu.

Amma nama fa. Ya daina cin nama. Wai haƙori. Ran nan ruwa ya sarƙe shi har ya fito ta hanci, ni kuwa — astagfirullah — saura kaɗan in gwada a gaban madubi.

Gado na tara yana kan na'urar numfashi. Jiya na gan shi, matarsa na tsaye riƙe da takalmansa. Gajiyar da ta kama ido ita ce ke sauka ƙirji, in ji Uwar Bincike, tooo, kuma akwai magani in an gano da wuri. Da wuri. Wata biyar wuri ne?

Me zan ce masa? Baba, ka san wasan nan da nake yi... Mutumin da ko maganin mura sai an yi dambe da shi. Zai dube ni ta ƙasan ido ya ce, "Likitar gida, an fara ke nan?" Umma fa, da ta fi kowa dariya? Da wane ido za ta sake kallona ina...

Babban Likita ya taɓa tabarau. Wai ba sai an zauna jiran gwajin jini ba. A ɗora ƙanƙara a kan idon minti biyu, in fatar ta ɗaga, an kama hanya. Minti biyu kacal. Yanzu ƙarfe tara, Baba yana shago, garau yake, yana taka keken ɗinki. Sai na jira yamma ta sauko masa da ido, in zaunar da shi, in ce rufe, Baba, ba wasa ba ne wannan karon, wallahi ba...

"Ke, ta baya. Tun ɗazu bakinki ke motsi. Me za ki fara yi wa wannan majinyaci?"

Duk sun juyo.

"Firjinmu na gida ba ya ƙanƙara, ranka ya daɗe."