Inda Aka Yanke Mai Mayafi

"Koma baya kaɗan," in ji Malam Abdullahi. "Kin wuce wurin."

Rumasa'u ta ja hoton baya da yatsa ɗaya, ba ta ɗago kai daga kwamfutar ba. Shagonta yana bakin kasuwar Gure, inda take haɗa bidiyon biki da na suna, tana share wa amare ƙuraje, tana ƙara wa dangin ango fara'ar da ba su zo da ita ba. Yau kwana uku ke nan da ta ajiye aikin mutane, ta duƙufa a kan na mahaifinta: yanka wani tsohon fim na Turawa, a mai da shi yadda tsohon ya ce ya gan shi shekara arba'in da biyu da suka wuce.

Jarumin fim ɗin mutum ne mai tashi sama ba fiffike, mai tare jirgin ƙasa da ƙirji. Sunansa na Turanci bai zauna a bakin kowa ba. Mutanen Gure sun dubi ƙyallen da yake yafawa a kafaɗa, suka sa masa Mai Mayafi, sunan kuwa ya bi shi. A 1983 motar silimar wani Alhaji na Damagaram ta kawo shi, aka haska shi sau ɗaya a bangon lakwal, wato makarantar boko. Abdullahi, sabon ma'aikacin gidan waya a lokacin, yana sahun gaba, domin amininsa Fannami, ɗan ƙabilar Manga, shi ne mai juya injin.

Abin da ya gani ke nan, kuma bai taɓa canza ko wasali ɗaya a cikinsa ba: madatsar ruwa ta tsage, Mai Mayafi ya sa kafaɗa ya tare, ruwa ya fi ƙarfinsa, gari ya tafi. Sai ya sauko ƙasa, ya cire mayafin, ya ninke shi gida huɗu, ya ajiye a kan bencin tasha, ya zauna jiran mota kamar kowane talaka. Daga nan aka rubuta FIN, wato ƙarshe da Faransanci, jama'a suka watse.

Wannan ƙarshen ya zauna wa Abdullahi a zuciya. Ranar da aka tsallake shi aka ba yaron da ya koya wa buga hatimi shugabancin ofis, shi ya tuna. Ya ce ko Turawa sun san ƙarfi yana da iyaka, kuma mutumin kirki shi ne wanda ya iya ninke mayafinsa ba tare da hayaniya ba.

Matsalar ita ce, bayan shekara goma kaset ɗin fim ɗin ya iso gidajen kallo, aka ga ashe Mai Mayafi bai daɗe a kan bencin ba. Wata mata ta ƙwala ihu, ya ɗago kai, ya suri mayafinsa, ya shafe kusan rabin sa'a yana ragargazar mugaye. Waɗanda suka kalli na bangon lakwal, wasu sun mutu, wasu suna yara a lokacin, sauran kuwa kaset ya wanke musu ƙwaƙwalwa tas. Abdullahi kaɗai ya tsaya a kan bakansa, har aka sa masa Malam Fin. Duk lokacin da aka taso da zancen a fada, inda tsofaffi ke shan shayi da la'asar, sai a juya ga Fannami.

"Ni injin nake kallo, ba bango ba," haka yake cewa kullum, ya yi dariya tare da kowa.

Dariya ce ta shayi, Abdullahi ya jure ta. Sai ranar Litinin da ta wuce ta fita daga fada ta shiga zauren mai gari. Yakura, matar marigayi ƙaninsa Husseini, tana rikicin iyakar gona a Kelle da wani mai sayen hatsi, Ɗan Talata. Abdullahi ne kaɗai ya rage cikin waɗanda suka taka iyakar ranar da aka shata ta, kuma ya san daga bishiyar aduwa ta tashi, ba daga tsohuwar rijiya ba. Ya faɗi haka a tsanake. Ɗan Talata bai musa ba. Salula ya ciro, ya kunna ƙarshen Mai Mayafi, ya ɗaga wa zaure.

"Ranka ya daɗe, mutumin da ya rantse shekara arba'in cewa wannan ba ya nan, shi zai nuna mana aduwa?"

Zauren ya ɗauki dariya. Mai gari ya rufe baki da gefen rawani, ya ce a dawo Jumma'a da safe, amma shaidar da ake wa dariya tana bukatar mai tallafa mata. Gobe ce Jumma'ar. In maganarsa ta faɗi, kashi ɗaya cikin uku na gonar marayu ya tafi.

Shi ya sa ya zo wa 'yarsa da wannan aiki. A lissafinsa, Fannami ya manta ne kawai. In ya ga fim ɗin ya ƙare kamar yadda ya ƙare a bangon lakwal, ƙila wani abu ya motsa masa.

"Baba, na gama," in ji Rumasa'u. "Amma in faɗa maka gaskiya?"

"Ke ma?"

"Naka ya fi nasu kyau. Abin da zan ce ke nan. Masu irin wannan aikin suna da yawa a intanet, kowa yana yanka tsohon fim yadda ransa ya so. Ba abin kunya ba ne a ce kai ka ƙirƙira."

"Ban ƙirƙira ba. Shekara talatin da biyar ina karɓar wasiƙun mutane, ban taɓa ƙara wa adireshi ɗigo ba."

Bayan azahar ya tafi ɗauko Fannami. Ya same shi a rumfarsa, cikin gawawwakin rediyon da ba mai zuwa karɓa, yana gyangyaɗi.

"Audu, da wannan ranar? Wa ya mutu?"

"Ni ne, tun Litinin. Tashi ka zo jana'iza."

"Kai dai ba ka gajiya. Bahaushe in ya kama magana kamar kaska."

"Ba-Mange kuwa in ya saki tasa ko da fitila ba a samunta. Sa takalminka."

Suka hau babur ɗin kabu-kabu ɗaya, tsofaffi biyu a bayan mai tuƙi, Fannami yana riƙe da rigar Abdullahi kamar yadda ya saba tun suna lakwal. Fannami ne ya yi wa Abdullahi babban aboki ranar aurensa. Shi ya shiga kabari ya karɓi mahaifiyar Rumasa'u.

A shago Rumasa'u ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi kujerarta, ta sauke labule don hasken rana. Fannami ya goge tabarau ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Madatsa ta fashe. Mai Mayafi ya sauko, ya ninke, ya ajiye, ya zauna. Ya ɗan ɗago kai kamar mai sauraro, sai baƙi ya rufe, FIN ya fito da fararen haruffa.

Fannami ya ja tsaki.

"A'a, 'yata, kin makara. Wa ya koya miki aiki? Ba a bari ya ɗago kai. In ya ɗago kai, ko jaki ya san akwai saura. Mai da shi. Ƙara. Kin ga wancan tabon a kusurwar sama? Alamar ƙarewar faifai ce. Kafin ita, yana sunkuye, hannunsa a kan gwiwa. Yauwa, tsaya! Ni a nan na sa reza."

Fankar shagon ta ci gaba da juyawa. A waje wani mai kankana yana kiran kasuwa. Rumasa'u ta janye hannunta daga kwamfutar a hankali, kamar ta taɓa tukunya mai zafi.

"Ka sa me?" in ji Abdullahi.

Fannami ya cire tabarau, ya duba su, ya mayar. 

"Faifai huɗu ne, Audu. Taya ta fashe mana a Gidimuni. Na ɗauki gwangwanin faifai na huɗu na tokare ƙafar mota da shi, da muka gama na manta shi a nan. Sai da muka kafa inji na ƙirga uku. Ga jama'a sun biya, ga manyan gari a kan kujeru. Alhaji kuwa ka san shi, a ranar zai kore ni, ga matata Biba da cikin fari. Akwai FIN a wutsiyar wani fim ɗin rigakafi, na yanko na liƙa. Washegari na tsinci gwangwanin a hanya, ko lotsawa bai yi ba."

"Na gane," in ji Abdullahi. Muryarsa ta koma irin ta bayan kantar gidan waya, wadda yake gaya wa mutum cewa wasiƙarsa ba ta iso ba. "Uzuri ne mai kyau. Na karɓe shi har zuwa ranar da Alhaji ya rasu. Shekara nawa ke nan?"

Fannami ya fara ƙirgawa da yatsu, Abdullahi ya riga shi.

"Ashirin da ɗaya. Tare muka je gaisuwa. Ka kawo mini uzurin ashirin da ɗayan."

"Abin ya riga ya yi nisa. Ranar farko da aka yi maka dariya na yi shiru, na ce gobe. Da na yi dariyar sau ɗaya, ta yaya zan dawo in ce..."

"Wa ya fara ce mini Malam Fin?"

"Audu, wasa ne."

"Na san wasa ne. Tambaya na yi."

Fannami ya dubi Rumasa'u kamar mai neman ceto, ita kuwa ta dubi ƙasa.

Abin mamaki, ba dariyar ce ta fi ci wa Abdullahi rai ba a wannan lokaci. Bencin ne. Shekara arba'in da biyu yana ɗauke da hikimar Turawa, yana ninke mayafinsa duk inda aka taka shi, ashe hikimar gwangwani ce da aka manta a ƙarƙashin taya a Gidimuni.

"Gobe da hantsi, zauren mai gari," ya ce. "Abin da ka faɗa nan za ka maimaita. Ba don ni ba. Gonar 'ya'yan Husseini ce."

"A gaban Ɗan Talata? A gaban surukaina? Su ce na cuci garin nan kuɗin shiga, na kuma bar aminina..." Ya haɗiye sauran. Ya miƙe yana laluben sandarsa. "Zan duba. In Allah ya kai mu, zan duba."

Abdullahi ya yi shekara talatin da biyar a ofis. Ya san ma'anar "zan duba", domin shi ma ya sha faɗin ta ga mutanen da ba ya nufin ya sake gani.

Bai raka shi ba. Ta tsagar labule ya ga Fannami ya tsaya a bakin hanya, ya juyo sau ɗaya yana jiran a biyo shi kamar kullum, sannan ya tsai da kabu-kabu ya hau shi kaɗai, hannunsa yana neman abin riƙewa.

"Baba," in ji Rumasa'u can, "in goge?"

"Ki yanke inda ya ce. Shi ne mai aikin, ya fi mu sani."

Ta yanke. Suka sake kallo. Mutumin yana sunkuye, hannu a kan gwiwa, mayafi a ninke a gefensa, sai baƙi. Abdullahi ya matso kusa da gilashin. Haka yake, ko ɗigo babu bambanci. Munafukin ya iya aiki.

"Saura abu ɗaya. Takardar da ba ta da sa hannu ba takarda ba ce. Rubuta a ƙarƙashin FIN: Yankan Fannami mai injin silima, Gure, 1983. Ki ƙara da cewa da reza ya yi."

"Zai ji ciwo, Baba."

"Zai ji. Ki tura wa kowa na fada, da magatakardan mai gari, da Ɗan Talata, tunda yana son kallo a salula. Ke kuma gobe ki rufe shago, ki sa mayafinki. Kunnenki ya ji, shaida ce ke."

"In Baba Fannami ya musa fa?"

"Sai ya miƙe a zaure ya ce wannan yankan ba nasa ba ne." Ya ƙara duban hoton da ke tsaye a gilashi. "Ya iya barina shekara arba'in da biyu. Aikinsa ne ban ga alamar zai iya bari ba. Kin ga ko minti ɗaya bai jure ba."

La'asar ta yi. Ya ɗauki hularsa ya fita. A mararrabar da ake karyawa zuwa fada ya ji ƙamshin shayi, ya hango bencinsa da gurbin mutum biyu babu kowa. Ya miƙe zuwa gidan Yakura, don ya gaya mata ta kwana da shirin aduwa.